Masu Cefanen Lafiya a Ingila da Ƙungiyar da Ke Magana da Yawunsu

Duk wanda ya zauna Ingila a 'yan shekarun nan, ya kuma taɓa kai yaro wurin likitan unguwa, zai gane wannan. Tun ƙarfe takwas na safe uwa take riƙe da waya tana jiran layi, da ƙyar ta samu a ga yaronta. Ta shiga ɗaki, ta buɗa gashin kansa ta nuna wa likita ƙwarƙwata da ƙwayayenta sun yi fari fat a bayan kunne. Likita ta duba, ta gyaɗa kai, ta juya ga kwamfutarta. Uwa tana jiran a tura sunan magani kantin da ke kusa da gida, tunda ta san yaro ɗan ƙasa da shekara 16 ba a karɓar ko sisi a kan maganinsa. Sai likita ta ce mata, cikin fara'a, ai wannan ba ma rubuta shi yanzu, ki biya kemis ki sayi mataji mai ƙananan haƙora, in bai yi ba su ba ki na shafawa. Uwa ta fito tana ƙunƙuni, wai likitar nan marowaciya ce, kamar daga aljihunta za a cire.

Ba rowar likita ba ce. An yanke wannan shawara tun watan Maris na 2018, a wata takardar jagora mai ɗauke da sunaye biyu. Na farko kowa ya san shi, NHS England, uwar hukumar lafiya ta ƙasar. Na biyun kuwa, ko cikin Turawan da aka haifa a can ba kowa ya taɓa jin sa ba: NHS Clinical Commissioners. Wannan ba ma'aikata ba ce, ba asibiti ba ce, ba kuma ƙungiyar marasa lafiya ba ce. Ƙungiya ce ta masu riƙe da lalitar kuɗin jinya a yankuna, waɗanda suka haɗa kai don su yi magana da murya ɗaya. Kafin a gane ta sai an gane su wane ne 'ya'yanta.

Tsarin NHS ya fara aiki ranar 5 ga Yuli 1948, a hannun minista Aneurin Bevan, bisa ƙa'idar cewa haraji ne zai biya, marar lafiya ba zai zaro kuɗi a bakin asibiti ba. Shekara arba'in da ɗoriya, hukumar da ke riƙe da kuɗin yanki ita ce kuma ke gudanar da asibitocin yankin. Gwamnatin Margaret Thatcher ce ta raba gari da wannan a dokar 1990. Ta ce a ware mai saye daban, mai sayarwa daban. Asibiti ya zama mai sayar da aiki: tiyata, haihuwa, gwajin jini, motar ɗaukar marasa lafiya. Wata hukuma kuma ta riƙe kuɗin jama'ar yankin, ta auna abin da suke bukata, ta ƙulla yarjejeniya da asibitoci, ta biya, ta kuma bi sawu ta ga an yi aikin. Ni dai ban samu kalmar da ta fi dacewa da wannan aiki kamar cefane ba. An ba mutum kuɗi ƙayyadadde, gida cike da baki, ya shiga kasuwa: in ya sayi nama da yawa, mai zai gaza. Duk abin da ya zaɓa, akwai wanda zai ɓata rai a gida.

Tunanin ba baƙo ba ne a wurinmu. Hukumomin taimakekeniyar lafiya na jihohi, irin su KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna, su ma aikinsu ke nan: ba su da ɗakin tiyata ko ɗaya, suna tara kuɗi ne su biya asibitoci a madadin waɗanda suka yi rajista. Bambancin shi ne na Ingila ya game kowa da kowa, kuma daga baitulmali kuɗin ke fitowa.

Abin da Ingila ta kasa tsayawa a kansa shi ne wa za a ba jakar cefanen. Daga 1991 an gwada miƙa wa wasu likitocin unguwa kuɗi kai tsaye. Gwamnatin Leba ta Tony Blair ta soke wannan, ta kafa wasu hukumomi da aka sani da PCT, waɗanda suka kai 303 kafin a matse su zuwa 152 a 2006. Sai ga Andrew Lansley, ministan lafiya na gwamnatin David Cameron, ya zo a 2010 da nasa tsarin. Hujjarsa ita ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: likitan unguwa ne ke ganin marasa lafiya kullum, shi ke tura su babban asibiti, don haka shi ya kamata ya riƙe kuɗin, ba manajan ofis ba. An yi ta kai ruwa rana, har sai da gwamnati ta dakatar da ƙudurin a majalisa a watan Afrilu na 2011 don ta saurari koke. Shugaban NHS na lokacin, David Nicholson, ya taɓa kwatanta girman sauyin da abin da za a iya hangowa daga sararin samaniya. Duk da haka dokar ta wuce a 2012, kuma ranar 1 ga Afrilu 2013 sababbin hukumomi 211 suka fara aiki da sunan CCG.

Kowace CCG ita kanta ƙungiya ce ta mambobi. Doka ta tilasta wa kowane asibitin likitocin unguwa ya shiga ta yankinsa. Su ke zaɓen likitocin da za su zauna a majalisar gudanarwa, tare da aƙalla ma'aikacin jinya ɗaya, da ƙwararren likitan babban asibiti ɗaya, da mutum biyu daga cikin gari waɗanda ba ma'aikatan lafiya ba. A hannun waɗannan majalisu aka zuba kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin NHS na Ingila. Ingila kaɗai fa, don Sikotland da Wales tuni suka yi watsi da tsarin saye da sayarwar, suka koma wa hukumomin da ke riƙe da kuɗi da asibiti a hannu ɗaya.

To a yi tunanin likitan da ya yi shekara ashirin yana duba hawan jini da tari a wani ƙaramin gari kamar Corby, inda jama'ar CCG ɗin ba su kai dubu ɗari ba. Yau ga shi zaune gaban shugabannin babban asibiti masu lauyoyi da akantoci, ana cinikin miliyoyin fam. A samansa ga NHS England mai raba kuɗi da ba da umarni. A gefe ga kamfanonin magani na duniya. Kuɗin gudanar da ofis da aka yanka wa kowace CCG a farko fam 25 ne a kan kowane mutum ɗaya na yankin a shekara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma sun gane haka tun kafin su fara. A 2012 wasu ƙungiyoyi biyu na likitocin matakin farko, NHS Alliance da National Association of Primary Care, tare da NHS Confederation, ƙungiyar hukumomin NHS, suka haɗu suka kafa NHS Clinical Commissioners. Shiga ganin dama ce, kowace hukuma tana biyan kuɗin mamba, kuma mafi yawansu sun shiga. Julie Wood ce ta daɗe tana jan ragamar ofishin, likitoci irin su Amanda Doyle ta Blackpool da Steve Kell na Bassetlaw, daga baya Graham Jackson, suka riƙe kujerar shugabanci.

Rabin aikin irin wannan ƙungiya ba ya shiga jarida. A ƙarƙashinta akwai zaure-zaure: na jami'an kuɗi, na ma'aikatan jinya, na masu sayen aikin lafiyar ƙwaƙwalwa, na masu sayen aikin motocin ɗaukar marasa lafiya, na manyan birane, da na mutanen garin nan da ke zama a majalisu. Wanda ya gano dabarar rage jiran gado a Leeds ya faɗa wa na Bristol. In ma'aikata ta fito da sabuwar ƙa'ida, maimakon wasiƙu ɗari biyu masu saɓa wa juna, sai amsa guda ta tafi. In kwamitin majalisar dokoki na son jin ta bakin masu cefane, ya san lambar da zai kira. Wannan duk alheri ne, kuma ba shi da surutu.

Inda abin ya taɓa talaka kai tsaye shi ne wurin cewa a'a. Kuɗi ba ya isa, tsofaffi na ƙaruwa, magani na tsada. Kowace CCG ta fara datse abin da take ganin za ta iya. Hukumar NICE, mai tantance magunguna da hanyoyin jinya, ta ba da shawarar a yi wa macen da ba ta kai 40 ba dashen ƙwan haihuwa har zagaye uku in ta cika sharuɗɗa. Amma shawara ce, ba tilas ba. Yankuna da yawa suka ce sau ɗaya kawai za su biya, wasu kamar Croydon da Cambridgeshire suka dakatar da shi gaba ɗaya a 2017. CCG ta Vale of York ta ce masu shan taba da masu ƙiba sosai su jira kafin a yi musu tiyatar da ba ta gaggawa ba. Mata biyu masu matsala iri ɗaya, titi ɗaya ya raba gidajensu, a yi wa wannan a hana waccan. Turawa suna kiran wannan cacar adireshi, kuma duk hukumar da ta fara datsewa ita ke shan zagi a jarida ita kaɗai.

Daga nan mambobi suka matsa wa ƙungiyarsu: a yi jerin sunaye guda na ƙasa baki ɗaya, kowa ya fake a bayansa. A watan Nuwamba na 2017 ƙungiyar da NHS England suka fitar da abubuwa 18 da bai kamata likitan unguwa ya riƙa rubutawa ba sai da dalili, da lissafin cewa suna cin kusan fam miliyan 141 a shekara. A ciki akwai magungunan homiyofati da na ganyayyaki waɗanda bincike bai nuna amfaninsu ba, da man kifi, da man shafawa masu ɗumama gaɓoɓi, da wasu alluran rigakafin matafiya, da wani maganin ciwo mai suna co-proxamol da aka daɗe da sanin haɗarinsa. Ƙungiyar masu homiyofati ta garzaya kotu, ta sha kaye a 2018. A watan Maris na 2018 aka biyo da jeri na biyu, ƙananan larurori 35 da mutum zai iya jinyar kansa ko ya saya a kanti: amosanin kai, ciwon maƙogwaro, mura, ƙurajen kunzugun jarirai, ƙaiƙayin tsakanin yatsun ƙafa, da ƙwarƙwatar yaron nan. Kafin shekara ta ƙare aka ƙara da ayyukan tiyata 17 da ba za a yi ba sai an cika sharuɗɗa, ciki har da tiyatar minshari da cire ƙululun maƙogwaro da na basir.

A ganina, yawancin wannan daidai ne. Ba hankali a ɓata lokacin likita da na mai haɗa magani a kan ƙwayar farasitamol da ake samu a babban kanti a kuɗin da bai kai na burodi ba. Amma a duba wanda nauyin ya faɗa wa. Ma'aikacin da dama yake biyan kuɗin takardar magani, wanda ya kai fam 9.90 a kan kowane magani tun 2024, shi riba ya ci, don a kanti ya fi araha. Wanda ya yi asara shi ne wanda da kyauta yake karɓa: yaro, tsoho, mai ciki, mai zaman tallafi. Kashin dankali ke nan.

Akwai kuma magani ɗaya a jerin farko da ya nuna yadda irin wannan lissafi ke iya karkacewa. Liothyronine magani ne na masu matsalar ƙullin wuya da ke sarrafa kuzarin jiki, kuma wasu marasa lafiya sun ce shi kaɗai ke yi musu aiki. An sa shi a jerin ne saboda tsada. To me ya kawo tsadar? A lokacin kamfani ɗaya ne ke sayar da shi a ƙasar, kuma hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya ta gano farashin kwali ya tashi daga kusan fam 4.46 a 2007 zuwa fam 258.19 a 2017. A 2021 ta ci tarar kamfanin Advanz da waɗanda suka mallake shi a baya fiye da fam miliyan 100. Wato laifi na ɗan kasuwa, amma marar lafiya aka fara cewa ya haƙura. Sai da masu ciwon suka tayar da ƙura kafin a sassauta, aka ce a ci gaba da ba wanda ƙwararren likita ya tabbatar yana bukata.

Labarin da ya fi burge ni shi ne na ido, don a nan ne haɗin kan ya yi wa marar lafiya rana. Akwai ciwon da ke kama tsofaffi, jijiyoyin jini su tsiro a bayan ido su riƙa yoyo, tsakiyar gani ya dushe: mutum yana ganin gefen ɗaki amma ba ya ganin fuskar jikansa. Maganinsa allura ce a cikin ƙwayar idon, ana maimaitawa wata bayan wata. Magunguna biyu ke da lasisin wannan aiki a lokacin, Lucentis na Novartis da Eylea na Bayer. Akwai kuma na uku, Avastin, wanda aka yi wa lasisi don ciwon daji. Kwalbarsa guda, in an kai ɗakin haɗa magani mai tsafta, ana rarraba ta cikin ƙananan sirinji masu yawa, don ɗigon da ido ke bukata kaɗan ne. Manyan gwaje-gwaje biyu, ɗaya a Amurka ɗaya a Birtaniya, sun nuna aikinsa daidai yake da na Lucentis. Farashin da aka gabatar a kotu: Avastin kusan fam 28 kowace allura, Lucentis fam 551, Eylea fam 816.

Me ya hana amfani da mai arahar? Likitoci na tsoron hukumar da ke riƙe da lasisinsu, saboda ƙa'idarta ba ta ƙarfafa rubuta magani a kan abin da ba a yi masa lasisi ba alhali ga mai lasisin. A 2015 shugabannin CCG 120 suka sa hannu ta hanyar ƙungiyarsu, suka nemi ma'aikatar lafiya da NHS England da hukumar likitoci su kawar da shingen. Ba a motsa da sauri ba. Sai hukumomi 12 na arewacin Ingila suka daure, suka ce a yankunansu za a gabatar wa marar lafiya Avastin a matsayin zaɓin farko, a yi masa bayani, in ya ƙi a ba shi ɗayan. Novartis da Bayer suka maka su a kotu. A watan Satumba na 2018 babbar kotu ta ba hukumomin gaskiya, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2020. Da CCG ɗaya ce ta tsaya gaban waɗannan kamfanoni, kuɗin lauya kaɗai ya isa ya sa ta ja da baya.

Duk da haka kada mai karatu ya ɗauki irin wannan ƙungiya a matsayin mai kare shi. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma masu biyan kuɗin mamba hukumomi ne, ba marasa lafiya ba. In bukatar hukuma da ta jama'a sun zo ɗaya, kamar a batun ido, madalla. In sun saɓa, an san ɓangaren da za ta tsaya. Su kansu mambobin ba su tsira daga zargi ba. Mujallar likitoci ta BMJ ta bincika a 2013 ta samu fiye da kashi ɗaya cikin uku na likitocin unguwa da ke majalisun CCG suna da hannun jari ko muƙami a kamfanonin lafiya masu zaman kansu. Mai cefane yana da rumfa a kasuwar da aka aike shi. An yi ƙa'idojin bayyana irin wannan alaƙa da fita daga ɗaki lokacin yanke shawara, amma ƙorafin bai taɓa mutuwa ba.

Hukumomin ba su yi tsawon rai ba. Ƙanana suka riƙa haɗewa don rage kuɗin ofis: daga 211 suka koma 135 a 2020, sai 106 a 2021. Annobar korona ta ƙara nuna cewa asibiti da ƙaramar hukuma da likitocin unguwa sun fi aiki in sun zauna teburi ɗaya maimakon ciniki da juna. Ranar 1 ga Yuli 2022 aka rushe su gaba ɗaya, aka kafa manyan hukumomi 42 da ake kira ICB, inda likitan unguwa ya koma murya ɗaya cikin muryoyi. Ƙungiyar tasu ita ma ta narke cikin NHS Confederation, wani sabon zaure na waɗannan hukumomi ya gaje ta. Ko su ba su zauna daram ba: a watan Maris na 2025 Firaminista Keir Starmer ya sanar da cewa za a rushe NHS England kanta a mayar da aikinta ma'aikatar lafiya, aka kuma umarci hukumomin ICB su rage kuɗin gudanarwarsu da rabi. Suna dai yana canzawa kusan duk shekara goma, amma jerin 2017 da na 2018 suna nan ana aiki da su.

Ga 'yan'uwa da ke zaune a can, ɗalibai da ma'aikatan jinya da iyalansu, abin amfani shi ne sanin ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Rajista da likitan unguwa kyauta ce, kuma ƙa'ida ba ta ce sai an nuna shaidar adireshi ko takardar zama ba. Yankin asibitin da ka yi rajista shi ke nuna hukumar da ke yi maka cefane, kuma ita ke wallafa abin da take biya da wanda ba ta biya. In likita ya ce je ka saya, jagorar 2018 ta bar masa damar rubutawa ga mai ciwo na dindindin, ko wanda halin da yake ciki zai hana shi jinyar kansa, don haka a faɗa masa gaskiyar hali ba tare da jin kunya ba. In magani ko tiyata ba ya cikin abin da yankin ke biya, likita na iya cika takardar neman kuɗi na musamman a madadin mutum ɗaya, in ya nuna yanayinsa ya bambanta da na sauran masu irin ciwon. Ƙorafi kuwa ana kai shi ga asibitin ko ga hukumar ICB, ɗaya daga ciki, in ba a gamsu ba a wuce ofishin mai sauraron koken jama'a na majalisa da harkar lafiya. Majalisun waɗannan hukumomi a bainar jama'a suke zama, ana sa takardun taron a intanet kwanaki kafin ranar, kuma yawancinsu suna karɓar tambaya a rubuce daga duk mazaunin yankin da ya aika kafin a zauna.